Jabun da Ya Fi Na Gaske Tsada: Tsofaffin Sulallan Rasha da Tambayar Amana

A shekarar 1788, da Sarki Gustaf na Uku na Suwidin ya ɗaura ɗamarar yaƙi da Rasha, an ba gidan buga kuɗi na garin Abesta wani aiki na asiri. An umarci maƙeransa su buga manyan kwandalolin jan ƙarfe masu darajar kofek biyar, irin waɗanda Sarauniya Katarina ta Biyu ke bugawa a Yekaterinbag, da tambarin sunanta, da gaggafa mai kai biyu, har da haruffan da ke nuna gidan bugun Rasha. Suka sa musu shekarun baya, 1764 da 1778 da 1787, domin a riƙa biyan bukatun yaƙi da su a yankunan kan iyaka ba tare da kowa ya farga ba. Aikin ya yi kyau, sai dai sun yi tuntuɓe a wuri guda: kambin da suka ɗora a kan gaggafar ya ɗauko siffar kambin sarautar ƙasarsu maimakon na daular Rasha.

Kofek biyar na gaske daga zamanin Katarina, mai nauyin kusan giram 51, an buga shi miliyoyi, kuma a yau mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya saye. Na Abesta kuwa sai a manyan gidajen gwanjo, inda farashinsa ke ninka na gasken sau da yawa. Har ta kai ana ƙera jabun wannan jabun, ana sayar wa masu sha'awa da sunan na Abesta ne.

Wannan labari shi ne dalilin da ya sa nake ganin tambayar da sabon mai tara tsofaffin kuɗi ke fara yi, wato "na gaske ne ko jabu ne?", ba ta wadatar ba idan ana maganar sulallan Rasha. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wane ne ya buga wannan kwandala, yaushe, don wa, kuma shin mai sayarwa ya faɗi hakan? Ra'ayina shi ne cutar da ke cin wannan kasuwa tana cikin ɓoye asali, kuma maganinta yana cikin bayyana asali da rubuta shi inda kowa zai gani. Ƙarfen kansa ba ya yi wa kowa ƙarya.

Jabu don kasuwa, da jabu don mai tarawa

Jabun tsabar kuɗi iri biyu ne, kuma haɗa su wuri guda shi ne tushen ruɗani. Na farko shi ne wanda aka yi a zamanin da kuɗin ke yawo, domin a sayi hatsi ko a biya soja. Na biyu shi ne wanda aka yi bayan kuɗin sun daina aiki, domin a yaudari mai neman kayan tarihi.

Rasha ta sha fama da irin na farko. Kundin dokokin 1649 ya tanadi cewa ma'aikacin gidan bugu da aka kama yana gurɓata kuɗi, a narkar da ƙarfe a ɗura masa a maƙogwaro. Duk da tsananin hukuncin, shekaru kaɗan bayan haka gwamnatin Sarki Alekse da kanta ta buɗe ƙofar ɓarna. Yaƙin da ta shiga da Folan a 1654 ya cinye baitulmali, sai ta fara buga kofek na jan ƙarfe tana cewa darajarsa daidai take da ta azurfa. Tana biyan albashi da jan ƙarfe, tana karɓar haraji da azurfa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk mai jan ƙarfe da hatimi ya koma buga nasa, kuma zargi ya kai har kan manyan fada, ciki har da surukin sarkin. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, a watan Yuli na 1662 talakawan Mosko suka yi bore, aka murƙushe su da jini, a 1663 kuma aka janye kuɗin jan ƙarfen.

Gwamnatin Rasha ta kuma yi wa wata ƙasa abin da Suwidin ta yi mata. Tun daga ƙarni na 18 gidan buga kuɗi na San Fitasbag yana buga dukat, kuɗin zinariya na ƙasar Holan, a asirce, domin shi ne 'yan kasuwa suka yarda da shi a wuraren da sojojin Rasha ke zuwa. A takardun hukuma ba a ambatar sunansa, sai a ce "sananniyar kwandala". Zinariyar cikakkiya ce, nauyin ma cikakke ne, amma babu izinin masu kuɗin. An ci gaba da bugawa da shekarar 1849 a jiki har zuwa ƙarshen shekarun 1860, lokacin da ƙorafin Holan ya sa aka daina.

Duk waɗannan a yau kayan tarihi ne masu daraja. Kofek ɗin da wani ya buga a ɓoye a 1661 shaida ce ta yadda tattalin arziki ya ruguje. Dukat ɗin Fitasbag shaida ce ta yadda daula ke biyan yaƙinta. Wanda ya saye su da sunansu na gaskiya bai yi asara ba.

Sa'ad da gidan bugu ya zama mai yi wa kansa kwafi

Abin da ya sa sulallan Rasha suka fi na ƙasashe da yawa wuyar sha'ani shi ne abin da Rashawa ke kira novodel, ma'ana sabon ƙira. A ƙarni na 18 da na 19, babban mutum mai sha'awar tarawa yana iya neman gidan buga kuɗi na gwamnati ya sake buga masa tsohuwar kwandalar da ya rasa. Idan tsohon hatimin ƙarfen da aka yi bugun farko da shi yana nan, sai a ɗauko shi. Idan ya lalace, sai a sassaƙa sabo. Wani lokaci a haɗa hatimin gaba na wata shekara da hatimin baya na wata, a fito da abin da bai taɓa yawo a hannun kowa ba. Akwai novodel masu ɗauke da shekarun da ba a buga irin wannan kuɗi a cikinsu ba sam.

Mai karatu Bahaushe yana da abin kwatance a gida. Liyari, kuɗin azurfar Ostiriya mai hoton Mariya Tereza, wanda ya yi yawo a fataucin Kano da Borno kuma mata suka riƙa ratayawa a wuya, kusan duka yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. An ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na 20, a Biyena da Landan da Faris da Rum da Bombai. Babu wanda ya cuci kakanninmu da shi, domin azurfa suke saye kuma azurfa suka samu. Amma wanda zai ɗauko liyari a yau ya ce maka an buga shi a 1780, ya nemi kuɗin tsufa, ya cuce ka ko da kowane giram na azurfar gangariya ne.

Haka lamarin novodel yake. Masana na wancan zamani sun ga illarsa, kuma babban mai tara sulalla na gidan sarauta, Yarima Georgi Mihailobich, shi ne ya matsa har Sarki Alekzanda na Uku ya hana wannan sana'a a 1890. Hanin bai daɗe ba a ma'aunin tarihi. A tsakiyar shekarun 1920, gwamnatin Sobiyet, wadda ta kashe Sarki Nikolas na Biyu a 1918, ta ɗauko tsofaffin hatimai ta sake buga zinariyar rubul biyar da rubul goma da hotonsa da shekarun mulkinsa, saboda 'yan kasuwar ƙetare sun fi amincewa da fuskar sarkin da aka hamɓarar fiye da tambarin sabuwar gwamnati. A 1927 kuma aka sake buga rubul ɗin tunawa da yaƙin ruwa na Gangut, wanda aka fara bugawa a 1914, domin a sayar wa masu tarawa.

Saboda haka mutum yana iya riƙe zinariyar rubul goma mai nauyin giram 8.6, wadda aka buga a gidan bugu na gaske da hatimi na gaske, amma shekarar da ke jikinta ba ita ce shekarar haihuwarta ba. Kalmar "jabu" ta yi mata nauyi, kalmar "asali" kuma ta yi mata yawa. Abin da ya dace da ita shi ne cikakken bayani.

Labari ma ana ƙera shi

Wani zai ce, to ai sai a dogara da tarihin hannayen da kwandala ta bi. Ina tare da wannan ra'ayi, amma da sharaɗi, kuma rubul ɗin Kwanstantin ne ya koya mana sharaɗin.

Da Sarki Alekzanda na Ɗaya ya rasu a ƙarshen 1825, kowa ya ɗauka ƙaninsa Kwanstantin ne zai gaje shi, alhali ya riga ya sauka daga haƙƙin gadon a asirce. A cikin 'yan makonnin ruɗanin, ministan kuɗi Kankirin ya sa aka buga samfurin rubul da hoton Kwanstantin a matsayin sarki. Da Nikolas na Ɗaya ya hau gadon, samfurin ya zama abin kunya mai hatsari, sai aka kulle shi da hatimansa a ma'ajiyar asiri ta ma'aikatar kuɗi. Sai a 1879 Sarki Alekzanda na Biyu ya sa aka fito da guda biyar, ya ba gidan tarihi na Hamitej ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya raba sauran ga 'yan uwansa. Waɗanda aka sani a duniya ba su wuce takwas ba, kuma a 2021 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 2.64.

Kafin a buɗe ma'ajiyar, jita-jitar wannan rubul ta riga ta bazu, kuma wani yarima mai suna Turubeskoi, wanda ke zaune a Faransa, ya fito da wasu kwandaloli ya ce su ne. Ya zo musu da labari mai daɗin ji: wai an aika wa Kwanstantin samfuran a birnin Waso, aka wawashe su a boren Folan na 1830, suka bi hannu zuwa hannu har Faransa. Labarin yana da sunayen wurare da shekaru da suka dace da tarihi. Da na gasken suka bayyana aka jera su, sai bambancin sassaƙa ya fito fili.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa suke binciken isnadi kuma suke binciken matani, domin maƙaryaci yana iya ƙaga duka biyun. A sulalla, isnadi shi ne takardun gwanjo da hotunan tsofaffin kundaye da sunayen waɗanda suka mallaki abin, wanda wani daban zai iya bi ya tabbatar. Matani shi ne ƙarfen da ke tafin hannunka. Labarin da mai sayarwa kaɗai ya sani, irin na "kakana ne ya binne ta a tukunya lokacin juyin juya hali", ba isnadi ba ne, talla ce. Abin sha'awa, jabun Turubeskoi su ma yanzu ana tara su da sunansa, kuma suna da farashinsu.

Jabun zamaninmu

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sababbin attajiran Rasha sun shiga sayen kayan tarihin ƙasarsu, farashi ya hau sosai a shekarun 2000, maƙera jabu suka bi kuɗin. A yau shafukan saye da sayarwa na intanet cike suke da rubul na kowane sarki, daga Bitrus Mai Girma, wanda ya fara buga rubul na azurfa na yau da kullum a 1704, har zuwa Nikolas na Biyu.

Mafi arha daga cikinsu zubi ne: a yi gurbi da kwandala ta gaske, a zuba narkakken ƙarfe. Wannan yana da sauƙin kamawa, domin fuskarsa tana da ƙananan ramuka kamar na soso, haruffansa ba su da kaifi, sau da yawa kuma ana ganin layin haɗi a gefe. Sikeli ma yana tona asirinsa. Rubul na Nikolas na Biyu nauyinsa giram 20 ne, faɗinsa ya ɗan haura milimita 33 da rabi, kuma kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Yawancin ƙarafa masu arha sun fi azurfa sauƙin nauyi, don haka jabun ko dai ya gaza a sikeli ko ya yi kauri fiye da ƙima. Gefen kwandalar kuma yana ɗauke da rubutu da ke faɗin yawan azurfar da ke ciki da haruffan sunan shugaban bugu, ko tauraro ɗaya ga waɗanda aka buga wa Rasha a Faris, biyu ga na Burasel. Maƙeri mai gaggawa a nan yake yawan faɗuwa.

Waɗannan gwaje-gwaje suna kama ƙananan ɓarayi ne kawai. Azurfar da ke cikin rubul giram 18 ce, kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da farashin rubul mai wuyar samu, don haka babban maƙeri yana amfani da azurfa ta gaske, ya cika nauyi, ya buga da inji kamar yadda gidan bugu ke yi. Wani kuma ba ya ƙera komai. Rubul na 1901 yana da yawa, na 1904 yana da wuyar samu, kuma tsakaninsu lamba ɗaya ce. Mai hannu da haƙuri zai kankare lambar ya ɗora wata, kwandalar ta ci kowane gwaji na nauyi da amo da maganaɗisu, tun da jikinta duka na gaske ne in ban da wuri guda.

Yadda ake kama manyan jabu shi ne ya fi ƙarfafa ra'ayina. Maƙeri yakan kwafi hatiminsa daga kwandala ta gaske, kuma kowace kwandala da ta yi yawo tana da tabonta: ƙarzuwa a kumatun sarki, ɗan lotsawa kusa da harafi. Tabon yana shiga hatimin, ya fito a kan kowane kwafi. Kwandaloli biyu na gaske ba za su yi rauni iri ɗaya a wuri ɗaya ba. Ranar da wani ya ga hotuna biyu masu tabo guda, asirin dukan zuriyar ya tonu. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an ajiye hotuna, an wallafa su, an bar mutane suna kwatantawa. Dillalin da ya gano jabu a kayansa ya mayar wa wanda ya kawo masa a ɓoye don gudun abin kunya, ya sake shi ne ya tafi neman wani mai tsautsayi.

Kwanson roba bai ɗauke wa kowa karatu ba

Amsar da kasuwa ta bayar ita ce kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a Amurka a 1986 da 1987. Suna duba kwandala, su ba ta maki, su rufe ta a kwanson roba mai lamba. Amfaninsu a bayyane yake, kuma wanda zai kashe kuɗi mai yawa a kan abin da bai taɓa riƙewa ba, gara ya sayi wanda ƙwararru suka duba da ya yi cinikin biri a sama. Amma kwanson ra'ayin masana ne, kuma masana suna kuskure, musamman a fagen da novodel da asali suka fito daga hatimi ɗaya. Sannan maƙera sun koyi ƙera kwanson kansa da takardar da ke ciki, har su kwafi lambar wata kwandala ta gaske. Wanda bai san komai ba sai karanta lambar maki, an mayar da amanarsa ne daga ƙarfe zuwa roba.

Akwai kuma masu cewa kwafi ba laifi ba ne, tun da malamin makaranta ko ɗalibi ba zai taɓa mallakar rubul na dala miliyan biyu ba, kuma yana da haƙƙin ya riƙe kamanninsa ya nuna wa yara. Na yarda da su ɗari bisa ɗari. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sharaɗin kawai shi ne a san rariya ce, kuma sanin ya zauna a jikin ƙarfen. Mai sayarwa na farko yana iya faɗin gaskiya, amma kwandala tana rayuwa fiye da mai ita. Bayan shekara talatin magada za su same ta a akwati, su kai kasuwa da zuciya ɗaya, su cuci wani ba da niyya ba. Dokar Amurka ta 1973 ta fahimci wannan, ta wajabta a buga kalmar da ke nuna kwafi ne a jikin kowane kwaikwayon tsohon kuɗi. Maƙerin da ya ƙi sa wannan alama, alhali ba ta rage wa malamin makaranta komai, ya riga ya faɗa mana wanda yake nufi da kayansa.

Abin da ke cikin hatsari

Asarar kuɗin mai saye ita ce ake fara gani, amma akwai wadda ta fi ta daɗewa. Tsabar kuɗi takardun tarihi ne. Daga nauyinsu ake gane lokacin da gwamnati ta fara rage azurfa a ɓoye. Daga yawan hatiman da aka yi amfani da su ake ƙiyasta yawan abin da aka buga. Daga inda aka tono su ake bin hanyoyin fatauci. Kowane jabu da ya shiga kundin masana da sunan asali yana gurɓata wannan lissafi, kuma wanda ya zo daga baya zai gina a kansa. Novodel na ƙarni na 19 sun riga sun jawo wa masana aikin shekaru na rarrabewa, alhali gwamnati ce ta buga su kuma akwai wasu takardunsu. Jabun yau ba su da takarda ko ɗaya.

Don haka nake ganin nauyin ya rabu uku. Hukumomi da shafukan ciniki su hana sayar da kwafin da ba shi da alama a jikinsa. Dillalai da gidajen gwanjo da gidajen tarihi su riƙa wallafa hoton duk jabun da suka kama, da nauyinsa da tabonsa, su kuma rubuta "novodel" ko "bugun Sobiyet" ɓaro-ɓaro a inda ya dace, ko da hakan zai rage farashi. Fiƙihun ciniki da muka gada ya haramta ɓoye aibin haja, kuma shekarar bugu da aka ɓoye aibi ce kamar kowane.

Kaso na uku na mai saye ne. Wanda ke son shiga wannan fage ya fara da littafi kafin kwandala: kundayen Uzdenikof da Bitkin su ne abin da masu tara kuɗin Rasha ke komawa gare su. Ya sayi sikeli mai auna ƙasa da giram da gilashin ƙara girma, ya fara da sulalla masu arha irin kofek biyar na Katarina, ya riƙe da yawa har idonsa ya saba da yadda bugu na gaske yake da yadda tsufa na gaske ke zama a kan jan ƙarfe. Idan aka kawo masa rubul mai wuyar samu a rabin farashi da labari mai daɗi, ya nemi hoton gwanjon da aka taɓa sayar da shi da sunan kundin da ya fito a ciki. In babu, ya bar wa mai shi kayansa.